Sunayen da Dokta Khalil Ya Ƙi Faɗa

Magana ɗaya Dokta Hashimu ya yi a tashar motar Kaura Namoda, yana zaune kan bencin Alhaji Magaji da kofin shayi a hannunsa, kuma ita ta girgiza auren da Bara'atu ta daɗe tana roƙon Allah a kansa.

Bai zagi kowa ba. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ake koyo a ɗakin taro. Cewa ya yi Dokta Khalil matashi ne mai ƙwazo, duk tsangayar ilimi ba wanda ya kai shi sanin makarantun makiyaya. Sai ya kurɓi shayi, ya ƙara da cewa abu guda ne kawai su abokan aikinsa suka kasa ganewa: yadda yake shiga dajin Jangeru ya fito lafiya, alhali wasu ko a kan kwalta ba su tsira ba.

 Alhaji Magaji kuwa shi ne mutumin da 'yan bindiga suka tare motarsa bara a hanyar Shinkafi, suka shiga daji da direbansa Abdulrashid, wanda ya ɗauka tamkar ɗan cikinsa. Ko gawa ba a samu ba. Mai irin wannan tabo ba ya jiran a ƙarasa masa zance.

Bara'atu ita kaɗai ce ɗiyarsa mace. Malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Kaura, a ƙarshen mako kuma tana karatun digiri na biyu a jami'a.

A sashensu ɗalibi ba ya zaɓen malamin da zai duba masa aiki. Kai dai ka kawo batun da kake son ka yi bincike a kai, shugaban sashe ya dubi wanda karatunsa ya fi kusa da batun, ya haɗa ku. Saboda haka ɗalibai sun haddace tarihin malamansu fiye da yadda suka haddace darasi. Sun san Farfesan auna jarrabawa a Ingila ya yi karatu, kuma ba ya karɓar aikin da babu lissafi a cikinsa. Sun san Dokta Maijidda a kan ba ɗalibai mata shawara ta ƙware, duk da dai ba a cika samunta a ofis ba balle a nemi shawarar. Sun san Dokta Hashimu a Malesiya ya yi digirin digirgir kan shugabancin makarantu, kuma duk bincikensa a ofishin firinsifal yake farawa, a nan yake ƙarewa: a raba takardar tambayoyi, a sha lemo, a tattara. Inda kwalta ta tsaya, nan iliminsa yake juyowa gida.

Dokta Khalil daban ne. Ɗan Shinkafi ne, mahaifiyarsa Bafulatana daga Jangeru. A firamaren makiyaya ya fara koyarwa, kuma duk karatunsa a gida ya yi shi, yana bin tambaya guda: ina yaro yake nufa idan makarantarsa ta koma kango? Ba ya raba takarda, don mutanen da yake nema ba su karatun boko. Zuwa yake yi, ya zauna a tabarma, ya saurara da Fulatanci.

Da Bara'atu ta ce tana son ta yi aiki kan 'yan matan da suka bar makaranta tsakanin Zurmi da Shinkafi, shugaban sashe bai ko ɗaga kai ba ya tura ta wurinsa.

Ta bi shi ƙauyukan bayan Birnin Tsaba, ita da wata ɗaliba, saboda matan can ba su buɗe baki gaban namiji. A gida ta ce taron bita ne a Gusau. A ƙauyukan nan ta ga abin da ya sace mata zuciya. Kafin kowace hira, Khalil zai ɗora hannu a ƙirji ya ce wa mutum sunansa ba zai fita daga bakinsa ba, ko a takarda, ko gaban hukuma, ko gaban kowa. A jami'a ana kiran wannan ƙa'idar bincike. Ana koyar da ita a zangon farko, ɗalibai su rubuta ta a jarrabawa, su manta. Shi bai manta ba.

Ranar da ya gane abin da ke ransa, bai gaya mata ba sai da ya fara zuwa wurin shugaban sashe ya ce a sauke masa aikinta, don ba zai duba kundin macen da yake neman aure ba. Aka yaba masa. Aka kuma miƙa ta ga Dokta Hashimu, wanda bai daɗe da rabuwa da matarsa ba, wanda kuma ya soma samun dalilan biyowa ta tashar Kaura fiye da kima.

Yanzu ga inda gaskiyar Khalil ta kai su.

Bayan la'asar Alhaji ya sa aka kira shi. Bara'atu ta tsaya a bayan ƙofar zaure ta ciki, goshinta jingine da katako. Ta tsagar ƙofar tana hango gefen farar rigar Khalil da hannayensa a kan gwiwa. Yayanta Halilu yana tsaye a bakin ƙofar waje. Tun bayan abin da ya sami Abdulrashid ya shiga 'yan sa-kai, kuma tun daga lokacin bai iya zama a cikin ɗaki ba.

An yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi idan ba a son abin da zai biyo bayanta. Sannan Alhaji ya gyara zama.

"Dokta, ban kira ka don in wulaƙanta ka ba. Ɗiyata kaka nema, kuma ni ban ga aibu gare ka ba. Abu guda nika so. Dajin ga da kaka shiga, wa ka kai ka? Gidan wa kaka sauka? Su wa kaka zama da su?"

Khalil ya yi bayani a natse. Ya ce iyaye ne da tsofaffin malamai, mutanen da aka ƙone wa makarantu, waɗanda ke tsoron 'yan bindiga kamar yadda kowa ke tsoronsu, har ma fiye, tunda su a maƙwabtaka suke. Ya ce jami'a ta san da aikin, hakimai ma sun sani. Ya ce bai taɓa zama da mai riƙe da makami ba.

Halilu ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya ce to in haka ne ai abin ya zo da sauƙi, a kira sunayen, su je su gaishe su.

"Baba, ka gafarce ni," in ji Khalil. "Na yi musu alkawari."

"Ni ma uban yarinyar ne ka tambaya."

"Na sani, Baba. Amma duk wanda na kira sunansa yau, gobe mutanen daji za su ce ya kai rahotonsu gari, mutanen gari su ce ɗan daji ne. Ba shi da inda zai kwana. Sun yarda da ni ne don na ce ba zan faɗa ba."

  Bara'atu ta so ta buɗe ƙofar ta girgiza shi, ta ce ya faɗi ko suna ɗaya ne, ko na wanda ya mutu.

Alhaji ya miƙe, abin da ba ya yi kafin baƙo.

"To, Dokta, riƙe amanarka. Ni ma in riƙe ɗiyata."

Da Khalil ya zo fita, Halilu bai matsa daga bakin ƙofa ba, sai da ya raɓa ta gefensa.

Bara'atu ta zagaya ta ƙofar baya ta tarar da Khalil a gindin dalbejiyar bakin layi, yana ƙoƙarin tayar da mashin, ya kasa ko zura makulli. Wannan ne karo na farko da ta ga tsoro a jikinsa, kuma shi ya fi komai karya ta.

"Malam," ta ce. Har yanzu bakinta bai saba kiransa da wani suna ba. "Don girman Allah. Mutum ɗaya."

"Wanne, Bara'atu? Kin gan su duka. Zaɓo mini wanda za a kashe."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta ce ba aure kaɗai take wa kuka ba. Ta ce shi bai san garin nan ba kamar yadda ta san shi. A nan idan kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ta manne wa mutum ba a kai shi kotu, a bakin hanya ake gamawa da shi, daga baya a zo a ce ashe kuskure ne. Ta tuna masa mai sayar da burodin da aka yi wa haka, wanda laifinsa kawai shi ne an ga ya sayar da yawa ranar kasuwa.

Ya saurare ta har ta gama, yadda yake sauraren kowa. Ya ce zai koma Shinkafi ya lafa a gida, ya bar shiga daji har ƙura ta kwanta. Ya ce zai nemi shugaban sashe ya zo da kansa ya yi wa Alhaji bayani.

"Shugaban sashe?" Ta share fuska da bakin mayafi. "Wanda ke tsoron zuwa Kaura da rana tsaka?"

Ya kusa yin murmushi.

"Idan na faɗa, zan same ki," ya ce. "Amma ba mutumin da kika so za ki aura ba. Wani ne mai kama da ni."

"Ni rayayye nake so. Ko da mai kama da kai ne."

 Mashin ya tashi, ya tafi, ita kuma ta tsaya tana kallon bayan rigarsa kamar wadda ke son ta haddace shi.

Kwanakin da suka biyo baya, gidan Alhaji Magaji ya koma gidan da ake magana ƙasa-ƙasa. Bara'atu na zuwa makaranta, ta tsaya gaban allo, ta manta abin da ta zo koyarwa. Duk mashin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta tashi ta leƙa. Duk wayar da ta yi ƙara sai ta dube ta tukuna kamar maciji kafin ta ɗauka.

Ɗaya daga cikin kiran na Dokta Hashimu ne. Ya ce kan babi na uku ya kira, akwai gyare-gyare. Ya ce a ganinsa ta sauya hanyar aikin baki ɗaya, ta bar zancen hira da mutanen ƙauye, ta raba takardar tambayoyi ga shugabannin makarantu a cikin gari, cikin ɗan lokaci ta gama ta huta. Ya jajanta mata abin da ya ji yana faruwa. Ya ce mace irinta ta cancanci natsuwa, gida a cikin birni, miji mai kwana a gidansa.

Ta ce ta gode.

"Af, na manta," ya ce. "Jiya na biya wurin Alhaji. Na yaba masa jarumtarki, yadda kika bi tawagar har bayan Birnin Tsaba. Na ɗauka ya sani."

Ta daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. A ranar ta fahimci cewa akwai masu kisa da ba su taɓa riƙe ko wuƙar yanka albasa ba.

Alhaji bai kira ta ba. Bai ko dube ta ba da ta kai masa abinci, kuma wannan ya fi duka ciwo. Mahaifiyarta Hajiya Kulsumu ce ta ja ta ɗaki bayan azahar ta turo ƙofa. Halilu na ciki, zaune a bakin gado, hularsa a hannu. Ya rame. Idanunsa sun yi ja irin na wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ta sami abin riƙewa.

Ya ce mata sunan Khalil ya riga ya isa gaban shugabansu na 'yan sa-kai. Ba shi ya kai ba, maganar tasha ce ta yi ƙafa. Ya ce ya roƙi a jinkirta, ya ce musu mai neman ƙanwarsa ne, aka yi masa dariya, aka ce to ashe abin har cikin gidansu ya shiga. An yanke cewa ranar cin kasuwar garin Kasuwar Daji za a tsare hanyar Shinkafi, a ɗauko shi a yi masa tambaya.

"Kin san mi a ka nuhi da tambaya," in ji shi. "Ni ban son shi, ba ni ɓoye miki. Amma ban son jininai bisa kaina."

Bara'atu ta zame ta zauna a ƙasa.

Hajiya Kulsumu ta zauna kusa da ita, ta jawo kanta ta ɗora a cinya kamar tana ƙarama. Ta yi mata magana da muryar da take lallashinta da ita ta sha magani. Ta ce ba wanda ya ce ta tona asirin kowa. Ta ce ai Dokta ne ya yi rantsuwa, ba ita ba. Ta ce abin da ake nema kawai shi ne mutum ɗaya na kirki, dattijo wanda kowa zai gani ya san ba ɗan ta'adda ba ne, Halilu ya je ya ce wa mutanensa ga wanda ke yi wa Dokta jagora, malami ne, ku duba da idonku. Magana ta mutu. A bar yaron mutane ya rayu.

"Inna, ni ma ina wurin lokacin da ya yi alkawarin."

"Kina wurin. Ke kin ɗora hannu a ƙirji?"

Ba ta ɗora ba. Ta tuna sarai, tana gefe ne riƙe da na'urar ɗaukar murya.

"Bara'a," in ji uwar, "ki dube ni. In aka kawo miki labarin yaron ga ranar kasuwa, ƙa'idar jami'a za ta wanke shi ko za ta binne shi?"

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta yi ta yi har numfashinta ya soma sarƙewa, su kuma suka bar ta. A cikin kukan ne fuskoki suka riƙa wuce mata ɗaya bayan ɗaya: matar da ta ɓoye littattafan ɗiyarta a cikin rumbu, saurayin da ya ce ya gaji da gudu, tsohuwar da ta ƙi magana sai da aka kashe na'ura. Duk ta ture su. Sai ta tsaya a kan fuska ɗaya.

Malam Liman. Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, gemunsa fari fat, ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya. Da aka rufe makarantar ƙauyensu ya ci gaba da tara yaran manoma da na makiyaya a inuwar tsamiya yana koya musu baƙi da lissafi. Shi ne yake aika wa rugage cewa Dokta na tafe, kada kowa ya firgita. Mutumin da ko akuya ba ta gudunsa. Ta ce a ranta, idan akwai sunan da zai wanke Khalil ba tare da ya ɓata mai shi ba, wannan ne. Wa zai dubi wannan tsoho ya ɗaga masa hannu?

Ta ɗago ta dubi yayanta.

"Ka rantse tambayarsa kawai za a yi."

Ya rantse da Allah cewa shi ba zai taɓa shi ba.

Ba ta lura da yadda ya gina rantsuwar ba sai daga baya. Ta faɗi sunan, ta faɗi ƙauyen.

 Halilu ya juya hular a hannunsa. Sannan a hankali ya tambaya ko shi ne tsohon nan mai ɗingishi da ke zuwa Kasuwar Daji yana sayen alli da maganin zazzaɓi da yawa.

"Na yara ne," ta ce da sauri. "Yaran da yake koyarwa. Na gani da idona, Yaya, a cikin wani gwangwani yake ajiye su."

"An daɗe ana tambayar inda maganin ga ka zuwa."

"Na ce maka na yara ne."

"Na ji." Ya miƙe ya sa hular. "Zan gaya musu haka."

Ta riƙo bakin rigarsa. Ta ce ta janye, ta ce ƙarya ta yi, ta ce ta rikice ne ta kama sunan da ya zo bakinta. Ya dube ta da wani abu mai kama da tausayi, ya zare rigarsa a hankali.

"Ba ni ka yanke hukunci ba, Bara'a. Ni kai magana nika yi."

Ya fita. Hajiya Kulsumu ta ce ta kwantar da hankalinta, ta yi abin da kowace mace mai hankali za ta yi. Amma da ta tashi ɗaukar buta, ba ta dubi idon ɗiyarta ba.

Bara'atu ta ɗauki waya ta nemo lambar Khalil. Ta ajiye. Ta sake ɗauka. Me za ta ce masa? Ta ce a ranta gobe, idan Halilu ya dawo ya ce an je an ga tsohon an gaishe shi, sai ta faɗa masa komai, ya yi fushi, ya huce. Mutum mai rai yana iya hucewa. Da wannan ta riƙa rarrashin kanta har rana ta faɗi.

Washegari da hantsi Alhaji ya aiko a kira ta. Ta same shi a zaure shi kaɗai, fuskarsa a sake, irin sakin da ba ta gani ba tun kafin a tare motarsa. Ɗakin Halilu a rufe yake, mashin ɗinsa ba ya inda yake ajiye shi.

Alhaji ya ce ta zauna. Ya ce ƙaryar Gusau ta yi masa ciwo, amma ya yafe. Ya ce shugaban su Halilu ya aiko masa cewa an cire sunan Dokta, tunda an gano ba shi ne bakin zaren ba, amfani da shi kawai aka yi, irin yadda ake yi da 'yan boko masu farar zuciya. Ya ce shi dama bai taɓa ƙin yaron ba.

"Ki kira shi. Ki ce ya turo magabatanshi."

Ta buɗe baki ta tambayi ina Halilu, ta ga amsar a yadda mahaifinta ya kawar da ido zuwa ƙofa. Daga cikin gida ta jiyo muryar Inna tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga, da dariyar da ta fi ƙarfin labarin.

Ta fita tsakar gida, ta tsaya a bayan rumbu, ta danna lambar. Ta yi ƙara har ta kusa katsewa kafin ya ɗauka. Abin da ta fara ji iska ce, da kukan injin mashin da ake matsa wa.

"Malam, kana ina?"

"Na wuce mararraba."

"Wace mararraba? Ka ce za ka zauna a gida."  "Baba ya yarda. Ya ce ka turo."

Iska kawai. Sannan ta ji ya rage gudu.

"Matar Malam Liman ta kira ni da asuba," ya ce. "Ta hau tudu ta sami layi. Ta ce tun jiya da yamma wasu ke tambayar gidansu a Birnin Tsaba. Shi kuma ya ƙi gudu, ya ce yara za su zo."

Ta jingina da rumbun. 

"Ni ce," ta ce.

"Ban tambaye ki ba."

"Sun ce za su tsare ka ranar kasuwa. Yaya ya rantse. Na zaɓi wanda na ga ba wanda zai iya..." Muryarta ta karye. "Ka zage ni, Khalil. Ka ce ka fasa. Amma ka juya."

Karo na farko ke nan da ta kira sunansa, kuma ta ji shi ma ya ji.

"Ni na kai ki gidansa," ya ce. Babu zafi a muryarsa, kuma rashin zafin ya fi tsoratar da ita. "Ni na ɗora hannu a ƙirji a gabansa. Ya ba mu fura da hannunsa, kin tuna? Idan suka same shi shi kaɗai, tsohon ƙauye ne, ba wanda zai tambaya. Idan suka same ni zaune a tabarmarsa, sai sun yi tunani."

"In ba su yi ba fa?"

"To aƙalla ba zai ce na yi masa ƙarya ba."

"An cire sunanka. Ka ji ni? An cire. Kana lafiya yanzu, ba wanda zai taɓa ka. Abin da na saya maka ke nan, kada ka zubar."

"Na sani. Na san kuma abin da ya ci miki." Injin ya sake ɗaukar ƙara. "Yayanki na cikinsu?"

Ta dubi inda mashin ɗin Halilu ya saba tsayawa, ƙasar wurin da ɗigon baƙin mai.

"Yana ciki."

"To ki yi mana addu'a mu duka. Bara'atu, layi zai ɗauke, na kusa gangaren. Ki gaya wa Baba na gode. Ki ce masa in Allah ya..."

Sauran iska ta tafi da shi. Ta kira, aka ce ba a samun lambar. Ta sake kira. Ta kira Halilu, tasa ma a rufe. Mutum biyun da ta fi so a duniya bayan iyayenta suna kan hanya ɗaya, sun nufi tsakar gida ɗaya, kuma bakinta ne ya nuna musu ƙofar.

Inna ta leƙo daga madafa, fuskarta da sauran dariya, ta ga ɗiyarta, dariyar ta mutu.

Daga zaure Alhaji Magaji ya ɗaga murya, cikin jin daɗin mutumin da ya sauke kaya.

"Bara'atu, kin same shi? Yaushe ya ce suna tahowa?"